Ana Wa'azin Muhalli, Janareta Na Kuka

A makon jiya wani aminina ya ja ni taron cin abincin rana na ƙungiyarsu, irin ƙungiyoyin nan na 'yan boko da attajirai masu tara kuɗi su haƙa rijiyar burtsatse ko su gina ajujuwa. Baƙon da suka gayyato masanin zanen gine-gine ne, ya zo yin bayani kan ginin da ba ya cutar da muhalli. Tun da ƙungiyar agaji ta Rotary ta duniya ta ƙara muhalli cikin manyan ayyukanta a 2020, kowace ƙungiya ta kama waƙar. Ba laifi.

Ya daɗe yana haska mana hotuna: benayen gilashi na Dubai da Singafo, ciyawa a kan rufi, takardar shaidar LEED ta Amurka da ake ba ginin da ke kiyaye muhalli. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Zauren otal ɗin ko taga ɗaya mai buɗuwa babu, kafin yara su tada janareta ya zama tanda. Manyan mutane suka hau fifita da takardar jadawalin taro, wani Alhaji kusa da ni ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da janareta ya tashi aka yi tafi, aka koma maganar rage hayaƙi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne har mutumin ya sauka bai ambaci ƙasa ba ko sau ɗaya. Jar ƙasar gini nake nufi, ta tubali. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa a soron kakansa da azahar a watan Afrilu ya san aikin bango mai kauri: yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Maginanmu sun san jera azara, sun san ɗaura bakan gizo, sun san yaɓen makuba da katsi don ruwa ya zame. Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27 kuma tana nan tsaye.

Za a ce zancen da ne. To masanin zanen gine-gine Francis Kéré fa? A 2001 ya kammala makarantar firamare a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Kuɗin ma ta wata 'yar ƙungiya ya tara su yana ɗalibi a Jamus. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta zanen gine-gine a duniya. A Dandaji, cikin jihar Tahoua ta Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa, da hannun maginan yankin. Garin Hausawa ne, ba Singafo ba.

Mu kuwa me ƙungiyoyinmu ke ginawa? Bulo mai inci shida, kwano ba silin, 'yar tagar ƙarfe, sai allo ɗauke da sunan shugaban ƙungiya. Da rana ta take, malami na jiƙe sharkaf, yara na gyangyaɗi. Kuma simintin da ake taƙama da shi, masana'antunsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin carbon dioxide da ke ɗumama duniya.

Masu cewa damina na rushe ginin ƙasa su fara gaya mana ranar da bulon algus, wanda ake murjewa da yatsa ya zube, ya tare ambaliya. Gaskiyar ita ce kunya. Ƙasa ginin talaka ce a idonsu, ba ta yin kyau a hoton ranar buɗewa, kuma ba ta da kwangila mai maiƙo.

Aji ɗaya tak ya isa gwaji: a sayi injin matsa bulon ƙasa, a yi harsashi da dutse, a zauna da Sarkin Magina. Haka na faɗa da aka ba da damar tambaya. Shugaban taro ya yi murmushi, ya ce kwamiti zai duba. Daga nan aka tsayar da ranar liyafar tara kuɗin sababbin ajujuwa, a wannan zauren dai.