Nasiha ga ƙannenmu da aiki ya kai su garin da ba wanda ya san su

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa. Wannan maganar ta ƙannenmu ce da aiki ya ɗauke su daga gida suna zaune su kaɗai a ɗakin haya, wanda aka yiwa afektasiyo wato canjin wurin aiki daga Garwa zuwa Marwa ko Yaguwa ko Mokolo, da malamin lekol wato makarantar boko da aka jefa wani ƙauye inda ko Hausa ba'a ji, da wanda ya tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri ya shiga Njamena neman halal ɗinsa, da waɗanda suka hau jirgin ƙasa na dare a Ngaundere gari ya waye musu a Yawunde wasu ma suka zarce har Duwala. Dan Allah ku daure ku karanta, wallahi abin yana damuna ne shiyasa na rubuta.

Ƙanena, lokacin da kake gida ba kai kaɗai kake riƙe da addininka ba, ko ka lura ko baka lura ba. Baba ne yake buga maka ƙofa da asuba yana cewa sallah sallah, Inna ta san ƙarfe nawa ka shigo ko da tayi kamar tana barci, in ka tsaya a wani lungu da bai dace ba kafin ka dawo gida labari ya riga ka zuwa saboda kowa ya san kai ɗan gidan wane ne. Wannan duk rahama ce Allah ya kewaye ka da ita. Toh ranar da ka sauka a ajans wato tashar mota da jakarka a sabon gari, duk wannan ya tsaya a baya rana ɗaya, babu mai tashinka babu mai tambayarka ina ka kwana, in ka wuni baka kai goshi ƙasa ba babu wanda zai sani sai Allah. Kuma abin baya rushewa lokaci guda, da asuba yake farawa, yau ka makara saboda gajiyar bulo wato aiki, gobe ka makara saboda ka raba dare kana latsa waya, sai ka koma yin sallah a ɗaki, sai azahar ta haɗu da la'asar saboda patiron wato shugabanka a wurin aiki yana nan, kafin wata uku mutumin da a gida shine yake share masallaci ya zama sai ranar Juma'a ake ganinsa, wani ma Juma'ar sai a hankali.

Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin Abu Darda'i wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito cewa babu wasu mutum uku a gari ko a ƙauye da ba'a tsayar da sallah a cikinsu face Shaiɗan ya rinjaye su, sannan yace ku riƙe jam'i domin kerkeci wadda ta ware daga garke yake ci. Mu da muka tashi muna ganin makiyaya ba sai an mana dogon sharhi ba. Kai yanzu ka ware, ba da son ranka ba, neman abinci ne ya ware ka, saboda haka aikinka na farko a garin nan tun kafin ka sayi katifa da fanka shine ka nemo jama'ar da zaka shiga cikinsu.

Shiyasa nake cewa in kana neman ɗaki kar tambayarka ta tsaya a nawa ne kuɗin wata, akwai ruwa, akwai kuran. Ka tambaya ina masallaci, ana jin kiran sallah daga nan? In ɗaki biyu ne ɗaya yafi kyau amma sai ka hau moto kafin ka samu jam'i, ɗayan kuma ƙarami ne amma taku kaɗan ne zuwa masallaci, wallahi ka ɗauki ƙaramin. A arewa wannan ba wahala bane, Garwa ko Marwa ko Njamena kusan kowace unguwa da masallacinta. Waɗanda suka gangara kudu ne suke shan wuya, amma ko can ɗin akwai unguwar Birketri a Yawunde akwai unguwar Nyubel a Duwala inda mutanenmu suke tun kaka da kakanni, in ma aikinka yayi nisa da nan toh ka tambayi masu suya da masu shayi, su zasu nuna maka inda ake sallah da inda ake samun naman da aka yanka da sunan Allah. In ka samu masallacin kar ka zama mai sallamewa ya ɗauki takalmi ya fice. Ka tsaya ka gaida liman, kace Malam ni baƙo ne aiki ya kawo ni ga inda nake zaune, ka gaida dattijan sahun gaba, in Fulatanci suke yi ka koyi gaisuwar in Larabcin Cadi ne ka koya ko da suna maka dariya, sati biyu kana zuwa asuba zakaga an fara tambayarka in baka zo ba. Wannan tambayar ita kake nema, ita ce zata tsaya maka a madadin bugun ƙofar Baba.

Akwai wani kuskure da ya kamata in taɓa a nan, wasu suna zuwa su wata da watanni suna ƙasaru wai su matafiya ne tunda ba garinsu bane. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai in ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri hukuncin tafiya ya yanke, sallah cikakkiya zaka yi kuma Juma'a ta hau kanka. A Kamaru Juma'a ranar aiki ce, toh tun satin farko ka samu shugabanka cikin ladabi ka gaya masa kana buƙatar wannan lokacin zaka rama aikin, in ka bari sai daga baya abin yafi wuya. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya bar Juma'a uku don sakaci Allah zai rufe zuciyarsa, wannan ba abin wasa bane.

Kewar gida kuwa kar wani ya ce maka raunin imani ne. Sahabbai da suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kama Sayyadina Abubakar da Bilal, Bilal in zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana waƙen begen Makka yana ambaton ciyayinta da duwatsunta da ruwanta, Nana A'isha ta je ta gaya wa Annabi (SAW), bai ce masa kayi haƙuri mana kai ba namiji bane, addu'a yayi yace ya Allah ka sa mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye, kuma ka sa mana albarka a mudunta. Yana cikin Bukhari. Kaima ka roƙi Allah ya sa maka son garin da ya ajiye abincinka, ka daina zaginsa kullum kana cewa garin nan ba daɗi mutanensa basu da kirki, zafin Marwa a watan huɗu ko ruwan Duwala da baya ɗaukewa duk ƙasar Allah ce. Annabi Musa ya isa Madyana bai san kowa ba bashi da ko abincin dare, ya shayar wa mata biyu dabbobinsu ya koma inuwa yace Rabbi inni lima anzalta ilayya min khairin faƙir, yana cikin Suratul Ƙasas aya ta 24, daga nan Allah ya bashi masauki da aiki da mata. Ka lura taimakon wani ya fara yi kafin ya roƙa. Kuma ranar da ka fara shiga ɗakin ka karanta A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ kamar yadda ya zo a Muslim ga wanda ya sauka a wani masauki.

Yanzu inda nafi jin tsoro, tsakanin isha'i da barci. Da rana aiki ya ɗauke maka hankali, amma in ka dawo ka ci burodinka da sardin ka rufe ƙofa ɗaki yayi tsit, daga kai sai waya da kredi, a nan ake cin yaranmu. Ba sai na faɗi abinda ake kallo ba ko irin hirar da ake yi da 'ya'yan mutane har biyun dare, ko cacar ƙwallo da take cinye albashi tun kafin goma ga wata, kowa ya san kansa. Akwai hadisin Sauban a Ibn Majah da duk mai zaman kaɗaici ya kamata ya haddace, Annabi (SAW) yace wasu mutane daga al'ummarsa zasu zo ranar ƙiyama da ayyukan lada kamar duwatsun Tihama farare sai Allah ya mayar da su ƙura, Sauban yace ka siffanta mana su kar mu zama cikinsu bamu sani ba, yace 'yan uwanku ne suna tsayuwar dare kamar yadda kuke yi, amma mutane ne da in suka kaɗaita da abinda Allah ya haramta sai su keta shi. Subhanallah, masu tsayuwar dare fa. Ba ina faɗa maka bane dan ka yanke ƙauna, wanda ya faɗi ya tashi yayi alwala ya tuba ƙofar a buɗe take ko sau nawa ne. Ina so ne ka san wannan ɗakin da babu kowa shine wurin jarrabawarka, kuma shi ɗin dai zai iya zama sanadin tsirarka, domin cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa akwai wanda ya tuna Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar da hawaye, akwai saurayin da ya taso cikin bautar Allah, akwai wanda zuciyarsa take rataye da masallaci, akwai wanda mace mai matsayi da kyau ta kira shi yace ni ina tsoron Allah. Duba da kyau, huɗu daga cikin bakwai ɗin nan duk suna gabanka a wannan zaman da kake ganin kamar azaba ne. A gidanku da hayaniyar yara yaushe ka taɓa samun wurin da zaka yi kuka gaban Ubangijinka ba mai jinka?

Ka sa wa daren tsari. Ka ajiye waya nesa da katifa, ka karanta ko shafi biyu ne da murya, Annabi (SAW) yace kar ku mai da gidajenku maƙabarta Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Baƙara. In akwai majalisin karatu tsakanin magariba da isha'i ka zauna ko baka gane komai da farko. Wanda sha'awa ta dame shi ga azumi, shi Annabi ya nuna wa samarin da basu da halin aure, wanda kuma Allah ya hore masa dan Allah yayi auren kar ya tsaya jiran sai ya gina gida. Masu iyali da kuka bar mata da yara a gida shekara tana zagayowa sai da sallah ake ganinku, in da hali ku ɗauko su ko ɗaki ɗaya ne, ita ma tana da haƙƙi kuma ita ma kaɗaicin take ciki.

Abokan aiki kuma ka zauna lafiya da kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ka gaida maƙwabcinka ka duba shi in bashi da lafiya, haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba. Amma in an tashi aiki ance mu je bar kai sai ka sha lemo kawai, kace a'a tun ranar farko da fara'arka, zasu saba kuma zasu girmama ka. Wanda ya miƙo maka tramol wai yana kashe gajiya ba masoyinka bane. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Kar ka bari sai Inna ta yi maka filashin sannan ka kira. Ka sa rana ka kira ta ka kira Baba ka saurari labarin da kake ganin ba shi da amfani, wane ya haihu akuyar wance ta ɓata, su wannan hirar ce take kwantar musu da hankali. In albashi ya shigo ka fara cire nasu ko kaɗan ne ka tura kafin ka taɓa sauran, sada zumunci yana buɗe arziki yana sa albarka a kwana kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim.

Ƙannena mata da ake turawa asibitoci da makarantu, duk abinda na faɗa ya shafe ku, ƙari kawai shine ki nemi gida mai iyali ki kama ɗaki a ciki, ki samu wata dattijuwa ki riƙe ta uwa, kuma duk namijin da ya fara da zan taimaka miki tunda ke baƙuwa ce yana zuwa ƙofarki bayan magariba ki haɗa shi da waliyyinki.

Mu kuma masu gari da muke zaune cikin danginmu, namu laifin ba kaɗan bane. Yaro zai yi wata shida yana sallah a gefenka baka taɓa tambayar sunansa ba, sai ranar da ya lalace ace ai 'yan aikin nan haka suke. Mutanen Madina ba haka suka karɓi baƙinsu ba, Sa'ad bin Rabi'i rabin dukiyarsa ya miƙa wa Abdurrahman bin Auf, shi kuma yace Allah ya maka albarka nuna min kasuwa kawai. Ba wanda ya ce ka raba dukiya, kwanon tuwo da miyar yakuwa ranar Juma'a ya isa, ko ka ce masa da azumi a gidana zaka riƙa buɗa baki. Limamai dan Allah in kun ga sabuwar fuska a sahu ku tsayar da shi bayan sallah ku karɓi lambarsa da lambar wani nasa a gida, saboda zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da mutum kwana biyu a ɗaki ƙofa a kulle ba wanda ya sani.