Kwarin Waipi'o: baƙo ya yi sallama kafin ya gangara

A watan Fabrairun 2022 magajin garin gundumar Hawai, wato babban tsibirin jihar Hawai ta Amurka, Mitch Roth, ya ba da umarnin gaggawa na hana baƙi, har da 'yan tsibirin da ba mazauna ko manoman kwarin ba ne, bin hanyar da ke gangarawa kwarin Waipi'o. Hujjarsa ita ce duwatsu na iya ɓallowa daga jikin tsauni su faɗo wa masu wucewa. Masu sha'awar tattaki suka yi ta ƙorafi, don kwarin na cikin wuraren da ake baro ƙasashe masu nisa a zo a taka da ƙafa. A ganina an yi abin da ya dace, sai dai an jingina shi da ƙaramar hujja an bar babbar.

Wanda ya tsaya a bakin tsaunin ya leƙa ƙasa ba zai zargi mai son sauka ba. Ganuwar dutse ce kore shar mai tsayin kusan mita 600 dama da hagu, ga rafi na ratsa gonaki, ga baƙin yashi a gaɓar teku, can ciki kuma ruwan Hi'ilawe na zubowa daga sama da mita 300. Hanyar ba ta kai kilomita biyu ba, amma tsananin gangararta ya sa mota mai jan ƙafa huɗu kaɗai ake bari ta bi. Mai tafiyar ƙafa kuwa a dawowa yake gane kurensa.

To amma abin da baƙo ke kira wurin shaƙatawa, ga 'yan asalin Hawai gida ne, gona ce, kuma maƙabarta ce. Ana yi masa laƙabi da Kwarin Sarakuna. Nan ne fadar sarki Liloa da ɗansa Umi, nan ne wurin ibadar Paka'alana inda mai laifi kan gudu ya tsira da ransa, kuma tarihin baka ya ce nan Kamehameha na ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin sarauta guda, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. A kogunan jikin duwatsun akwai ƙasusuwan kakanni. Ba sai ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba kafin ka gane wannan. Wa zai yarda a shimfiɗa tabarma a ci abinci a ɗauki hoto a kan kabarin kakansa?

Sai kuma gwaza, wadda suke kira kalo. Da ita ake yin poi, tuwonsu na gado, kuma a al'adarsu gwaza yayan ɗan Adam ce, don ita aka fara haifa kafin mutum. Dubban mutane sun taɓa zama a kwarin suna nomanta cikin fadamu. Ambaliyar tsunami ta 1946 ta share gidaje, da yawa suka tashi ba su dawo ba. 'Yan tsirarun manoman da suka rage su ne ke raba wannan siririyar hanya da baƙi, su ne kuma ke ganin ana tsallake allon da aka rubuta wa “kapu”, wato an haramta, ana ratsa filayen mutane don a kai gindin Hi'ilawe. A 2019 masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 10 suka shiga jihar da mazaunanta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Idan aka tuna cewa a 1893 aka kifar da sarautar 'yan asalin Hawai, Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, za a gane cewa fushin ya girmi maganar cunkoson hanya.

Masu adawa da rufewar ma suna da tasu gaskiyar. Hanyar ta gunduma ce, da kuɗin jama'a ake gyara ta, kuma a dokar Hawai gaɓar teku ta kowa ce. Waɗanda suka kai ƙara kotu ba baƙi ba ne, 'yan tsibirin ne masu kamun kifi da wasan igiyar ruwa, cikinsu har da 'yan asalin. A Satumban 2022 aka sassauta: mazauna tsibirin da masu ayyukan gargajiya da kamfanonin yawon buɗe ido masu lasisi suna iya sauka da mota, mai tafiyar ƙafa kuwa a'a. Nan ne nake ganin tufkar ta warware. Wanda ya biya kuɗin mota ya shiga, wanda ya zo da ƙafarsa da gorar ruwansa ya koma. Dattawan kwarin ba su gamsu ba, suka kafa rumfa a bakin hanyar suna roƙon mutane su haƙura.

Matsalar hujjar duwatsu ita ce tana da wa'adi. Ranar da injiniyoyi suka gama ɗaure tsaunin, me za a ce wa manomin gwaza? Akwai misali a kusa. A tsibirin Kauai, bayan ambaliyar 2018, an sake buɗe gandun Ha'ena a 2019 da ƙa'idar mutum 900 a rana, baƙo sai ya nemi gurbi tun kafin ya zo, kuma da hannun mutanen yankin a tsarin. Waipi'o ma abin da ya dace da shi ke nan: adadi ƙayyadadde, ɗan jagora daga cikin kwarin, iyaka a fili tsakanin hanyar zuwa teku da gonaki da wuraren ibada, kuɗin shiga kuma ya tsaya a hannun masu wurin. Da wannan sharaɗi a bar mai tattaki ya sauka da ƙafarsa, don ya fi mota saurin jin an ce masa tsaya nan.