Mutum 34 ba su da hurumin hana mutum 66 gyara garinsu

Tun ranar Asabar da muka tashi daga walimar suna maganar nan take cina a rai, na ga gara in rubuta ta kowa ya gani. Wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda ya riga ni zuwa Los Angeles da shekaru masu yawa, ya ɗaga hannu yana hamdala saboda Prop 5, ƙudurin da aka kawo wa masu zaɓen jihar Kalifoniya, ya faɗi a zaɓen 5 ga Nuwamban 2024, wai Allah ya kuɓutar da talaka daga ƙarin haraji. Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, shin ka karanta abin da ƙudurin ya ƙunsa kuwa?" Ya ce bai karanta ba, ya dai ji kalmar haraji a wata talla, sai ya cike gurbin a'a. Alhaji kuwa a gidan haya yake zaune kamar yadda nake zaune, kuma a wannan zaman da kansa ya gama kukan cewa kuɗin haya ya cinye rabin abin da yake samu. Wasu matasa biyu da ke gefe suka ce su gurbin shugaban ƙasa kaɗai suka cike, sauran shafukan suka mayar da su cikin ambulan yadda suka zo.

Na karɓi sakamakon zaɓe, domin kimanin kashi 55 cikin 100 na masu zaɓen Kalifoniya sun ce ba sa so, kuma ba ni da ja a kan ƙidaya. Abin da ban karɓa ba shi ne a kira wannan sakamako nasarar talaka. Prop 5 bai ɗora wa kowa ko sisi ba. Abin da ya nema shi ne, idan birni ko gunduma na son cin rance don gina gidaje masu sauƙin haya, ko gyara tituna da magudanan ruwa da ofisoshin kashe gobara, amincewar kashi 55 na masu zaɓen wurin ta wadatar, maimakon kashi biyu bisa uku da ake buƙata yanzu. Gaskiya ne cewa da harajin gidaje ake biyan irin wannan rance, ban ɓoye wa Alhaji hakan ba. Amma ko da ƙudurin ya wuce, babu rancen da za a ci sai an sake komawa wurin mutanen garin an tambaye su, kuma sai mafi yawansu, da rata mai faɗi, sun ce e.

Ku zauna ku yi lissafin kashi biyu bisa uku da kanku. Idan mutum 100 suka fito zaɓe, 66 suka ce a gyara, 34 suka ce a bari, to waɗannan 34 ne suka yi nasara. Kowace ƙuri'ar a'a guda ɗaya sai an samo ƙuri'ar e guda biyu kafin a biya ta. Ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aikin dare ta tsaya ta jefa ƙuri'arta, da direban bas da ya yi haka, su biyun a haɗe nauyinsu ɗaya da na mutum guda da ya ce shi ba ruwansa. A ƙasar da ke koya wa yaran firamare cewa kowane mutum ƙuri'a ɗaya gare shi, wannan zalunci ne, kuma don an rubuta shi a kundin tsarin mulkin jiha bai tashi daga zalunci ba.

Ba labarin ƙanzon kurege nake ba ku ba, ya faru a nan inda muke. A watan Nuwamban 2012, gundumar Los Angeles ta kawo ƙudurin da aka sa wa harafin J, wanda zai tsawaita harajin saye da sayarwa na rabin senti domin a hanzarta ayyukan jirgin ƙasa da tituna. Kashi 66.1 na masu zaɓe suka amince, aka ce ya faɗi. A rana guda, a gundumar Alameda, inda birnin Oakland yake, wani ƙudurin sufuri mai suna B1 ya samu kashi 66.5, shi ma aka ce ya faɗi, da giɓin ƙuri'u 700 da 'yan kai. Da ɗan takara ne ya samu irin wannan adadi, jaridu za su ce ya yi wa abokin hamayyarsa kaca-kaca. Gundumar Alameda sai da ta jira 2014, Los Angeles kuma 2016, suka sake kashe kuɗin yaƙin neman zaɓe kafin su haye katangar, alhali mai jiran bas a rana yana nan yana jira duk tsawon lokacin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne asalin katangar. Sharaɗin kashi biyu bisa uku a kan rancen ƙananan hukumomi tsoho ne, yana cikin tsarin mulkin jihar tun 1879. Amma wanda ya shimfiɗa shi a kan harajin da garuruwa da hukumomin makarantu ke nema don wani aiki takamaimai shi ne Prop 13, na Howard Jarvis da Paul Gann, wanda aka kaɗa wa ƙuri'a ranar 6 ga Yuni, 1978. Shi kansa Prop 13 kimanin kashi 65 ya samu, wato bai kai kashi biyu bisa uku ba. Prop 218 na 1996, wanda ya ƙara ɗaure ƙananan hukumomi, bai ma kai kashi 57 ba. Da an auna su da mudun da suke auna wasu, da babu ɗayansu da ya zama doka. Mutanen wani zamani sun shiga ta ƙofa mai faɗi, suka juyo suka tsuke ta ga 'ya'yansu da jikokinsu da duk baƙon da zai zo bayansu, har da ni da Alhaji.

Na san abin da za a ce mini a ƙarƙashin wannan rubutu, domin na sha ji. Za a ce a shekarun 1970 farashin gidaje ya yi ta hawa, haraji na bin sa, har tsofaffi masu cin fansho suka shiga fargabar rasa gidajen da suka gama biya. Haka ne, kuma ban raina wannan fargaba ba. Sai dai maganinta yana wani sashe dabam na Prop 13, wanda ya ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ya kuma hana a ɗaga ƙimar fiye da kashi 2 a shekara muddin gidan bai sauya hannu ba. Wannan kariya tana nan daram, ƙarfinta ma ya kai ga wata mata da ta sayi gida a unguwar Baldwin Hills a 1988 ta tarar tana biyan kusan ninki biyar na abin da maƙwabtanta ke biya a kan gidaje irin nata, ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, kotun ta bar dokar yadda take a 1992. Tsohuwa mai fansho ta samu garkuwarta. Mene ne haɗin garkuwar tsohuwa da bai wa mutum 34 ikon danne mutum 66?

Za kuma a ce hukumomi na ɓarnar kuɗi, don haka gara a ɗaure musu hannu. Mai wannan magana bai duba yadda dokar take aiki ba. A Kalifoniya, idan birni ya ce wa jama'a a ƙara haraji kuɗin su shiga babban asusu a yi abin da aka ga dama da su, rinjaye kawai yake buƙata, rabi da ɗoriyar ƙuri'a ɗaya. Idan kuwa ya rubuta ƙarara cewa kuɗin na motocin kashe gobara ne ko na ɗakunan karatu, kuma ba za a taɓa su don wani abu ba, sai an samu kashi biyu bisa uku. Hukumar da ta faɗa maka inda kuɗinka za su tafi ita ake wahalarwa, wadda ta ce ka ba ni kawai ita ake sauƙaƙa wa. Wanda ya damu da ɓarna da gaske, mai binciken kuɗi zai nema, da kwamitin sa ido, da ranar da harajin zai ƙare, kuma duk waɗannan ana iya rubuta su cikin ƙuduri.

Makarantu su suka fi shan wahalar wannan tsari, domin hukumar makarantu ba ta da ikon neman haraji na babban asusu kamar birni. Tun bayan 1978, da kuɗin harajin gidaje suka ragu da fiye da rabi a shekara guda, akasarin kuɗin makarantu daga Sacramento, babban birnin jihar, suke zuwa. A shekarar 2000, Prop 39 ya sassauta sharaɗin rancen gina makarantu zuwa kashi 55, kuma tun daga lokacin mafi yawan irin waɗannan ƙudurori wucewa suke yi, sama ba ta faɗo ba. Amma kuɗin rance na gini ne da kayan aiki, doka ta hana a biya albashin malami da su. Idan ana son ƙarin malami, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai kula da ɗakin karatu, sai a nemi harajin fuloti, shi kuwa har gobe kashi biyu bisa uku yake buƙata. Shi ya sa za ka shiga makaranta ka ga sabon rufi da sabon fenti, ka leƙa aji ka ga yara sun yi wa malama ɗaya yawa. A makarantar da 'yata take, farkon kowace shekara sai ta dawo da takarda a jaka, an jera abin da ake roƙon iyaye su kawo: fensira, takardar goge hannu, sabulun ruwa, rim ɗin takarda. Na taɓa tarar da malamarsu a bakin mota da yamma tana sauke kwalayen littattafai da ta saya da kuɗin aljihunta. Unguwannin masu hali suna iya haɗa kashi biyu bisa uku, ko iyaye su yi karo-karo su cike giɓin. Unguwar 'yan haya da baƙi ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Rashin kan gadon dokar ya ƙara fitowa fili bayan hukuncin Kotun Ƙolin Kalifoniya na 2017 a shari'ar birnin Upland, da hukunce-hukuncen da suka biyo baya a kan ƙudurorin San Francisco na 2018. Yanzu idan jama'a ne suka tattara sa hannu suka kai ƙudurin haraji akwatin zaɓe, rinjaye kawai yake buƙata. A 2017 shugabannin gundumar Los Angeles suka kawo ƙudurin H na taimakon marasa matsuguni, sai da ya nemi kashi biyu bisa uku. A wannan zaɓen kuwa, ƙudurin A da ya maye gurbinsa ya wuce ba tare da ya kai kashi 60 ba, saboda ta hanyar sa hannu ya zo. Gunduma ɗaya ce, masu zaɓen su ne dai, matsalar ita ce dai, amma nauyin ƙuri'arka ya danganta da wanda ya miƙa takardar. Tattara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane kuma aiki ne mai cin miliyoyin daloli.

Har fasalin garuruwanmu wannan tsari ya taɓa. Tun da harajin gida ba ya ƙaruwa yadda hidimar mazauna gida take ƙaruwa, kuma kashi 1 na harajin saye da sayarwa yana komawa ga garin da aka yi cinikin, shugabannin birane da yawa sun fi son ba da fili ga dillalan motoci da manyan kantuna a kan masu gina gidaje. Ga kuma sashe na 34 na tsarin mulkin jihar, wanda tun 1950 ya hana hukuma gina gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi sai an yi ƙuri'a a garin. Tsadar hayar da Alhaji yake kuka da ita tana da dalilai da dama, amma waɗannan suna cikinsu, kuma Prop 5 yana daga cikin 'yan hanyoyin da aka kawo don rage ta.

Na fahimci inda tsoron kalmar ya samo asali a wurinmu. Iyayenmu sun ba mu labarin haraji da jangali, yadda dagaci da mai unguwa ke bin gida-gida, yadda magidanci ke sayar da hatsinsa ko ya bar gari don ya kasa biya, da irin murnar da aka yi a 1979 lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Wancan haraji ba a taɓa tambayar mai biyansa ba, kuma bai san inda kuɗin suke zuwa ba. Wannan kuwa an aiko maka da littafi har gida makonni kafin zaɓe, an rubuta nawa za a karɓa, shekara nawa, me za a yi da shi, ga hujjar masu so ga ta masu ƙi a shafi guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ga shi an ba mai ɗaki alƙalami. Idan ka karanta ka ce a'a, haƙƙinka ne, zan girmama shi. Amma ka sani a ƙarƙashin wannan doka a'arka tana share e ɗin maƙwabta biyu, don haka jefa ta ba tare da karatu ba ba ƙaramin abu ba ne.

Littafin nan yana da kauri, Turancinsa na lauyoyi ne, kuma ko da yake gundumar Los Angeles tana fassara kayan zaɓe zuwa harsuna da yawa, irin su Sifaniyanci da Koriyanci da Armeniyanci da Farisanci, babu Hausa a ciki. Nawa yana nan a kan teburin cin abinci, duk na ja masa layi da jan biro. Na gaya wa Alhaji kafin mu rabu cewa zaɓe mai zuwa, da zarar littattafan sun iso, zan zo gidansa bayan sallar isha'i mu bi su shafi-shafi, ya kira matasan nan biyu su ma su zo da nasu. Ya ce in zo, zai sa a dafa shayi.