Kwamfuta na iya karanta hoton radar na Wata, amma wa zai duba mata amsa?

Bayan da motar bincike ta ƙasar Sin, Yutu-2, ta sauka a ramin Von Kármán da ke bayan Wata a Janairun 2019, radar ɗinta ta riƙa harba igiyar rediyo cikin ƙasa tana sauraron amsa-kuwwa. Zango biyu gare ta, megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya) 60 da 500. Na 500 ɗin ya leƙa har kusan mita 40, ya nuna lallausar ƙasa mai kaurin mita 12 a sama, duwatsu a ƙarƙashinta.

Dutsen da ke binne ba ya fitowa da siffarsa a hoton. Layi yake fitowa, lanƙwasasshe kamar baka a kife, kuma faɗin lanƙwasar ke nuna gudun igiyar a wurin. Zaƙulo ɗaruruwan irinsu da ido aiki ne mai cin rai, masana biyu ma sukan saɓa. A nan kam, a ba wa kwamfuta mai koyo daga misalai. Ta fi mutum sauri, ba ta gajiya.

Matsalar tana wajen misalan. Haƙa mafi zurfi da 'yan sama-jannatin shirin Apollo na Amurka suka yi a Wata bai wuce kimanin mita 3 ba, don haka babu amsar da aka tabbatar da hannu a mita 20. Sai a ƙirƙiri hotunan gwaji da manhaja irin gprMax a horar da kwamfutar da su. Duk zaton da aka zuba cikin gwajin, shi za ta dawo da shi, da cikakken ƙarfin gwiwa kuwa.

Radar lokaci take aunawa, ba zurfi ba. Amsar da ta dawo bayan nanosakan 200 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa) tana mita 17 idan ma'aunin rage gudun igiya na ƙasar 3 ne. Idan 4 ne, mita 15. Ma'adinin ilmenait kuma shanye igiyar yake yi, ƙasa ta yi shiru alhali akwai abu. Ƙarfen jikin motar ma yana haifar da layukan bogi, abin da ya sa har yau ake jayayya kan wasu shimfiɗu masu zurfi da zangon 60 ya nuna.

Saboda haka kafin a yarda da sakamako, a cire bayanan da aka maimaita lokacin da motar ke tsaye, a gwada kwamfutar a filin aman wuta na duniya inda za a iya haƙawa a gani, sannan kowane zurfi da ta bayar ya zo da iyakar kuskurensa.