Rage ma'aikata ba laifi ba ne, amma a biya mutane haƙƙinsu kafin a ce su yi haƙuri

Tunda dala ta haukace kuma kuɗin dizal ya fi ƙarfin masana'antu, kusan kowane wata sai ka ji wani kamfani ya rage ma'aikata, kuma yadda ake yin abin kusan iri ɗaya ne, a kira mutum ofis ranar Juma'a da yamma, a miƙa masa takarda, a karɓe katin shaidarsa, a ce kamfani na cikin wani hali, ka yi haƙuri Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Shi kuma ya ce amin ya kama hanya. Ni ban ce kar kamfani ya rage mutane ba idan kasuwa ta ƙi, amma wallahi haƙuri ba ya biyan kuɗin haya, kuma akwai abin da doka ta ce a ba shi.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta tun 1974 ne, ta yi maganar wannan a sashe na 20. Ta ce dole mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da kuma yawan waɗanda abin zai shafa. Ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ne zai fara tafiya, sai dai a duba ƙwarewa da riƙon amana. Kenan ba daidai ba ne a sallami wanda ya yi shekara goma sha biyar a bar ɗan ƙanen manaja da ya zo bara. Sashe na 11 kuma ya yi maganar notis, wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, shekara biyar zuwa sama wata ɗaya, ko a ba shi kuɗin kwanakin. In takardar ɗaukarka aiki ta rubuta fiye da haka, to ita za a bi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin sallama. Dokar ba ta faɗi ko sisi ba. Cewa kawai ta yi mai kamfani ya yi iya bakin ƙoƙarinsa ya tattauna a kan abin da za a biya. To wane ne zai auna ƙoƙarin nan? Mutumin da ke neman rabuwa da kai shi aka bar wa alƙalancin nawa zai ba ka. Inda ake da ƙungiya mai ƙarfi, kamar ma'aikatan mai na PENGASSAN da NUPENG, ana zama a rubuta yarjejeniya, kowace shekarar aiki ga abin da za a ba ka. Amma mai gadi, da mai shara, da yarinyar da ke zaune a kanta a banki wadda wani ɗan kwangila ne ya kawo ta ba bankin ba, su wa zai zauna musu? Ga kuma wani ramin, ma'anar ma'aikaci a dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su sai abin da takardarsu ta ce.

Mu a Arewa ba labari ake ba mu ba. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, aka rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna zanga-zanga da kwalaye a hannu suna neman haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu ne suka ci gaba da zirga-zirgar. Haka ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, a 2018 gwamnatin Buhari ta saki musu wani kaso na ragowar kuɗinsu, bayan fiye da shekara goma da durƙushewar kamfanin. Mutumin da aka sallama yana da shekara hamsin, ka ba shi kuɗinsa yana da sittin da biyar bayan naira ta zube, me ka ba shi?

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da Majalisa za ta rubuta adadi ƙarara, ko da albashin wata guda ne a kan kowace shekarar aiki, da wa'adin biya, da tara ga wanda ya yi jinkiri. Sashen na 20 ɗin ma ya ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idar biya ta dole, ba sai an jira gyaran doka ba. Masu kamfani za su ce nauyi ne, na yarda nauyi ne, amma in sun san adadin tun farko za su riƙa ware shi duk wata kamar yadda suke ware na haraji. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ta yi ta fama har aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024 ya kamata ta sa wannan a gaba.

Kafin nan, ɗan uwa, in aka kira ka, kar ka yarda ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka, don dabara ce, da zarar ka rubuta ka zama wanda ya tafi da kansa. Kar ka sa hannu a takardar da ke cewa an biya ka komai alhali ba ka ga alat ba, ka ce za ka je gida ka karanta. Ka lissafa albashin da kake bi, kuɗin hutun da ba ka je ba, da garatuti in yana cikin takardarka. Ka duba asusun fanshonka ko da gaske suna zuba kashi 8 da suke yanka maka da kashi 10 nasu, don wasu yanka suke yi su riƙe. Dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusun idan ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba. In sun ƙi biya, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ku haɗu ku da yawa ku ɗauki lauya ɗaya ya fi sauƙi a kan kowa ya tafi shi kaɗai.