Ni da Kawu a hannun sabis ɗin Bolonya

Kawuna dillalin tayil ne, kuma duk ƙarshen Satumba hankalinsa na kan Cersaie, babban baje-kolin tayil da kayan banɗaki da ake yi a birnin Bolonya na Italiya. Bana sai ya ce in raka shi, wai ni ɗan boko ne, zan iya da Turawa. Italiyancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, amma ban ga dalilin tayar da wannan zance ba tunda ba a tambaye ni ba.

Wuni muka yi muna shafa tayil, babu abin da ya shiga cikinmu. Ƙarfe shida na yamma muka isa ƙofar wani gidan abinci da aka yaba mana, muka tarar da ita a garƙame. Na leƙa ta gilashi, sai ga ma'aikatan gidan sun kewaye tebur suna cin nasu hankali kwance. Ɗaya ya ɗago, ya nuna mini agogo, ya yi mini alamar bakwai da rabi, ya mayar da kai kan farantinsa. A can yawancin gidajen abinci ba sa buɗe kicin don abincin dare kafin wannan lokaci, kai da yunwarka ku sasanta. Muka yi ta zagaye a ƙarƙashin rumfunan nan masu ginshiƙai da suka kai kusan kilomita 40 a tsakiyar birnin. Don in ɗauke wa Kawu hankali, na ce masa UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ya ce, "Yaro, ana cin ginshiƙi ne?"

Da aka buɗe, mu ne farkon shiga. Sabis ɗin da ya karɓe mu dattijo ne mai furfura, da farar riga da tawul a hannu, yana jin Ingilishi daidai na cin abinci. Ya ja wa Kawu kujera, ya yi wata tambaya a kan ruwa, na gyaɗa kai. Ya kawo kwalba. Kawu ya ɗaga kofi ya kwankwaɗa irin na mai ƙishi, sai ga ruwa ta hanci, ga hawaye. Ashe mai gas ne. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ruwan Allah ma ba su ƙyale shi ba?"

Ban ko buɗe takardar jerin abincin ba. Na gyara zama, na ce a kawo mana sufageti bolonyis, faranti biyu, tunda ga mu a Bolonya da kanta.

Dattijon ya ajiye bironsa a hankali. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya yi ɓarin baki a gaban surukai. Ya ce babu wannan abinci a Bolonya, ba a taɓa yin sa ba, baƙi ne suka ƙirƙira suka liƙa wa garin. Abin da suke da shi taliyatele ce, taliyar ƙwai mai faɗi da ake murzawa da hannu, da miyar niƙaƙƙen nama da suke kira ragu. Siririyar taliya, in ji shi, ba ta riƙe nama, sai ya zame ya taru a gindin faranti. Daga nan karatu ya kankama. Wai tun 1972 aka yi rajistar faɗin taliyatele, milimita 8 idan ta dahu, har da samfurinta na zinariya a ajiye a cibiyar 'yan kasuwar birnin. A 1982 kuma aka kai tsarin dafa miyar can aka ajiye a rubuce. Ba ƙarya ya yi ba, haka abin yake, har ma magajin garinsu na lokacin, Virginio Merola, ya fito a 2019 ya ce sufageti bolonyis babu shi. Mutanen da suka auna taliya da ma'auni suka zuba ta da zinariya, ba da su ake jayayya ba.

Kawu ya ce, "Me yake ta faɗi ne?" Na ce tarihi yake ba mu. Ya ce, "Ka gaya masa ya haɗo da abinci."

Na ce to, a kawo taliyatelen. Allah ya taimake ni na tambayi abin da ke cikin miyar. Naman sa, in ji shi, da naman cikin alade, da ɗan giya. Muka ce a'a. Lazanya fa? Miyar ɗaya ce. Ƙananan ƙullin taliyar nan da ake kira tortelini, masu iyo a romo? Alade iri uku ne a cikinsu. Mortadela, naɗin naman nan abin alfaharin garin? Ya girgiza kai tun kafin in rufe baki. Can sai ya dubi kwandon burodin da hannun Kawu ya riga ya nufa, ya ɗauke shi caraf, don wasu burodin yankin da kitsen alade ake kwaɓa su. Ya kawo wani. A nan na sara wa mutumin. Bai ɓoye mana komai ba, bai nuna gajiya ba, amma a fuskarsa kana ganin tausayin mutanen da suka zo har Bolonya za su koma ba su ci Bolonya ba.

A ƙarshe ni na samu torteloni, manyan ƙulli masu cuku mai laushi da ganye a ciki, an juya su a man shanu. Kawu ya ce shi dai a ba shi sufageti da miyar tumatir da ɗoɗɗoya, kowa ya huta.

Nawa ya iso. Kawu ya leƙo ya ƙirga su da yatsa, guda takwas, a tsakiyar faranti mai faɗin da za a iya yin sallama a bakinsa. Ya ce, "Ɗanɗano ne suka kawo ko?" Amma fa, gaskiya ɗaya ce, da na kai loma ta farko sai na yi shiru. Fatar taliyar siririya har kana hango ganyen ciki, man yana ƙamshi, ga cukun Farmijano da aka goga a kai, wanda doka ta ce sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin ya ci sunansa. Da na faɗa wa Kawu, ya ce mutanen da ke jiran cuku shekara guda, ashe mu da muka jira awa ɗaya da rabi gata aka yi mana.

Nasa ne ya ta da ƙura. Ya tauna, ya tsaya, ya ce taliyar ba ta nuna ba, a mayar. Na yi ta roƙo, "Kawu, haka suke cin ta, da ɗan tauri a haƙori." Ya ce shi haƙoransa ba na gwaji ba ne. Maganar ta kai kicin. Sai ga kukun ta fito, wata gajeriyar tsohuwa da gari a hannu, ta ɗauki cokali mai yatsu, ta naɗe taliya daga farantin Kawu, ta tauna a gabansa, ta sumbaci yatsunta, ta juya abinta. Shari'a ta ƙare, babu ɗaukaka ƙara. Kawu ya ɗauki wuƙa ya shiga daddatsa taliyar don ya ci da cokali. Sabis ɗin ya kawar da kai ya kalli bango har aka gama. Farantin dai sai da Kawu ya suɗe shi da burodi, yana ci yana cewa ba ta nuna ba.

Sai dattijon ya dawo ya ce me za mu ci na biyu. Ashe taliya share fage ce, nama ko kifi na zuwa a bayanta. Na ga kifi da lamba 7 a gefensa, na ce araha ta samu. Ya kawo ɗanyun kifaye a tire don mu zaɓa, Kawu ya nuna wanda ya fi kowanne ƙiba. Aka gasa shi da gishiri da man zaitun, ya zo shi kaɗai tilo, ko dankali ɗaya babu, don abin haɗawa daban ake odarsa. Kifin ya yi daɗi har ƙashi. Kawu ya miƙa hannu zai barbaɗa masa cuku, sabis ɗin ya riga shi, ya ɗauke kwanon ya ɓoye a bayansa yana murmushi. Cuku a kan kifi, a wajensu, abin kunya ne. Na nemi kafacino, gahawa mai madara, ya ce wannan na safe ne, madara bayan kifi ba ta yi wa ciki adalci. Ya kawo mana esfireso, baƙar gahawa, a kofi kamar murfin kwalba. Kawu ya shanye a kurɓi ɗaya, ya miƙa kofin ya ce, "Na ɗanɗana, ya yi, a zubo."

Daga nan muka zauna jiran takardar kuɗi. Shiru. Sabis ya wuce mu, ya yi murmushi, ya sake wucewa. A wajensu kawo wa baƙo lissafi bai tambaya ba kamar korarsa ne. Kawu har ya fara zaton wani bawan Allah ya biya mana, yana dube-duben wanda zai gode wa. Sai da na ɗaga hannu na yi alamar rubutu a iska, nan take ta iso.

Kifin nan yuro 63. Lambar 7 ɗin ta kowane giram 100 ce, da ƙananan baƙaƙen da sai mai tabarau biyu zai gani, kuma kifin Kawu giram 900 ne cif. A ƙasa akwai wani layi, yuro 3 kowane mutum. Na tambaya, aka ce kuɗin shimfiɗar tebur ne da burodi da zama, al'ada ce a gidajen abinci da yawa a Italiya.

Kawu ya riga ya miƙe yana gyara riga. Ya ce, "Kuɗin me?" Na ce, "Kuɗin zama, Kawu." Ya dubi takardar, ya dubi kujerar, ya koma ya zauna ya miƙe ƙafa.

"To zauna, yaro," in ji shi. "Ba mu cinye zaman kuɗinmu ba. Ka ce masa ya ƙaro burodi, mara kitsen."