Yunwa ba ta haɗa ɗinki: a sake duba hana abinci bayan tiyatar ciki ta gaggawa

Yawancin waɗanda ake garzayawa da su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin tiyatar ciki cikin gaggawa sun kwana biyu ba su ci abin kirki ba. Yaron da taifod ta huda wa hanji ya yi mako biyu yana fama da zazzaɓi. Dattijon da gwaiwa ta shaƙe wa hanji ya kwana yana amai. Haka mai afendis da ta fashe da mai gyambon ciki da ya ɓule. Irin wannan jiki, in aka ƙara masa kwana biyar na yunwa da sunan jiran ya fitar da iska, an rage masa ƙarfin da zai warke da shi.

Tsoron da aka gada shi ne kada abinci ya ɓalle ɗinki. To, ko mutum bai sa komai a baki ba, yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da na hanji suna kai wajen lita 7 a rana, kuma mai yawa daga ciki ta kan ɗinkin yake wucewa. Ƙaramin hanji yakan dawo aiki cikin awa 24, tumbi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, babban hanji sai kwana biyu zuwa uku. Iskar da ake jira daga babban hanji take fitowa, alhali wurin da ke tsotse abinci ya riga ya farfaɗo. Likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi ya jagoranci sauyin tunani zuwa ba da abinci da wuri bayan tiyata tun shekarun 1990, kuma ƙungiyar ERAS, mai tsara hanyoyin saurin farfaɗowa bayan tiyata, ta fitar da ƙa'idojinta na tiyatar ciki ta gaggawa a 2021 da 2023.

Masu jinya da yawa suna ɗaukar ƙarin ruwa a matsayin abinci. Lita ɗaya ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin ɗari giram 50 na sukari ne kawai a ciki, wajen kalori 200. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kalori 1,500 zuwa 1,800 da furotin wajen giram 90 kullum, kuma babu furotin ko kaɗan a wannan leda. Ruwan gishiri kuwa in ya yi yawa, bangon hanji kumbura yake, motsinsa ya ƙara jinkiri.

Da izinin likita ake farawa, bayan mara lafiya ya farka sarai, jininsa ya daidaita, ba ya amai. A tayar da shi zaune, a ba shi ruwa mai tsabta babban cokali biyu, wajen mililita 30, duk awa. In ruwan ya zauna masa, a shiga shayi da koko ko kunun gero mai ruwa-ruwa cikin awa 24 na farko. Daga nan sai kunun gyaɗa da madara, romo marar yaji, dafaffen ƙwai, kifi, alale, da faten da Zazzagawa suka iya, a dafa shi ya yi laushi, a rage ganye da barkono. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano guda cike. Maganar cewa ƙwai ko nama na sa ciwo ya yi ruwa ba ta da tushe, da furotin ɗinsu jiki ke saƙa fata. Jiƙo da nonon da ba a tafasa ba kuwa a bar su a gida.

Abinci shi kaɗai bai isa ba. Mara lafiya ya sauko daga gado a rana ta farko, ko da zama ne a kujera, ya riƙa jan dogon numfashi yana tari da filo a kan ciki, don kauce wa ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. A cire robar hanci da ta fitsari da zarar amfaninsu ya ƙare. A dage da farasitamol a kan lokaci don a rage allurai masu ƙarfi irin su pentazocine, domin suna kwantar da hanji. A kuma auna sinadarin fotashiyam da ke cikin jini, ƙarancinsa ma haka yake yi.

Akwai waɗanda dole a jinkirta musu: wanda jininsa ya faɗi ana riƙe shi da magani, wanda hanjinsa bai samu isasshen jini ba, da wanda ba a haɗa hanjinsa ba tukuna. Wanda ya rame ƙwarai kuma, in aka ɗura masa abinci lokaci guda, fosfet da fotashiyam na jininsa na iya faɗuwa har su taɓa zuciya, don haka da kaɗan ake fara masa, tare da bitamin B1.

Mai jinya ya sa ido sosai, musamman tsakanin kwana na 4 da na 7 bayan tiyata, lokacin da ɗinki ya fi yoyo. Koren amai, ciki da ke ƙara kumbura, sabon zazzaɓi, bugun zuciya sama da 100 a minti, ko ruwa mai wari daga wurin yanka, kowanne ya isa a tsayar da abinci a kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.